Faya-fayan 'Yan Aji Biyar

Inna: Alo? Salamu alaikum. Alo! Wa ke magana?

Badi'a: Wa alaikumus salam. Inna Jummai, ni ce, Badi'a. Na ga filashinku.

Inna: Wace Rabi'a kuma?

Badi'a: Badi'a, Inna! 'Yar ƙanin mijinku, mai koyarwa a makarantar Sharaɗa.

Inna: Yo ai ke na kira. Tun ɗazu nake danna abin nan, sai yanzu kika ga dama.

Badi'a: Ku yi haƙuri, ina cikin aji ne. Ina wuni, Inna?

Inna: Lafiya lau. Ina gajiya?

Badi'a: Ba gajiya. Ya gida? Ya mutanen Challawa?

Inna: Suna nan suna toshe hanci. Yau kamfanin fata ya saki ruwansa tun safe, ko koko na kasa sha. Ya babanki da ciwon bayan?

Badi'a: Da sauƙi, alhamdulillahi. Ya ƙafar taku?

Inna: Ƙafa tana nan inda take. Ya uwar taki? Tun sadakar shekarar marigayi mai gidana ban sa ta a ido ba. Ki ce mata hanyar Challawa ba a rufe ta ba.

Badi'a: Za ta ji. Ya su Ladidi? Ta haihu kuwa?

Inna: Tana dai ja. Ya aiki? Ya 'yan makaranta?

Badi'a: Aiki da godiya. Yara suna gaishe ku.

Inna: Ƙarya kike, tsorona suke ji. To, maganar jibi Asabar ce, ranar al'adun nan taku. Kina ji na?

Badi'a: Ina ji, Inna.

Inna: Faya-fayan da na koya wa 'yan aji biyar ɗin nan, a fito da su daga sito yau su sha iska. A inuwa fa, kar wani mai hankalin kaza ya shanya mini su a rana, galura ta koɗe. Kuma kar a ɗora musu littattafai a kai. Gobe zan shigo adaidaita in zo, akwai waɗanda ba su daje baki ba, in tsaya a kansu su gama.

Badi'a: Ai Inna ba sai kun wahalar da ƙafarku gobe ba. Ku bari sai jibin kawai, za a turo muku mota.

Inna: To wa zai tsaya musu a kan bakin? Ke? Ke da kika riƙe basilla kamar kin riƙe kunama?

Badi'a: A'a, ai an riga an gama jera teburin. Har ya yi kyau. Tun jiya da kwalayen suka iso…

Inna: Me ya iso?

Badi'a: Na'am?

Inna: Kwalaye kika ce ko kwalabe? Tsaya, wata tirela ce ke wucewa, Allah ya shirye su. Bari in matsa jikin katanga. Yauwa. Me ya iso jiya?

Badi'a: Ba komai, Inna, kayan ado ne.

Inna: Badi'a. Ni na yi miki wankan jego, wato uwarki na yi wa, ke kina zanin goyo. Na san muryarki in kina kwana-kwana. Me ke cikin kwalaye?

Badi'a: Faya-fayai ne.

Inna: Faya-fayai a kwali? Daga ina? Na yara ai a sito na bar su.

Badi'a: Wani kamfani ne a Bompai ya ba da gudummawa. Su suka biya rumfuna da lasifika da abin sha, to sai suka haɗo da…

Inna: Kamfanin me?

Badi'a: Na roba.

Inna: Na me?

Badi'a: Roba, Inna. Masu yin bokiti da kujeru. Suna yin faifai ma yanzu, wallahi in kun gani daga nesa kamar saƙa, har da zanen…

Inna: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tir! Tir da wannan magana! Faifan roba? Wanda inji ke tofowa? Na gan shi a kasuwar Panshekara, na ɗauka na sansana, warin kananzir yake. Ki rufe tuwo mai zafi da shi, ya lanƙwashe, gumi ya koma cikin tuwon. Shi kuka jera a teburin?

Badi'a: Ba ni ba ce, Inna, Hedimasta ne.

Inna: To a ce wa mutane me? Ga robar Bompai, ku zo ku yi kallo?

Badi'a: An… an manna sunayen yaran a jiki.

Inna: An yi me?

Badi'a: Kowane da sunan yarinya. Sai kujerarku a bayan teburin, da takarda an rubuta malamar saƙa.

Inna: A'uzu billahi. Ni? Ni Jummai, in zauna a bayan roba, a ce ni na koya? Iyayen yaran nan makafi ne? Rabin matan da za su zo, faifaina ne a cikin jerensu na aure. Tun kafin a kafa bulo ɗaya na kamfani a Challawa, lokacin goruba na tsaye inda suke zubar da ruwan wari yanzu, nake saƙa. Zango guda ina hawa adaidaita da wannan ƙafar, ina shaƙar hayaƙin Sharaɗa. Kabar nan kin san inda na samo ta? Ko 'Yankaba yanzu tumatir ake sayarwa! Sai da na roƙi wani mai gadin kamfani ɗan Maigatari ya taho mini da ita daga gida. Ni na jiƙa, ni na tsaga, ni na rina. Sai a ce roba? Kai, ƙazanta ba ta ƙarewa a duniyar nan.

Badi'a: Ku yi haƙuri, Inna.

Inna: Ajiye haƙurin. Ina na yaran?

Badi'a: Suna cikin buhu.

Inna: Buhun yana ina?

Badi'a: Alo? Inna, sabis ɗin…

Inna: Sabis lafiyarsa lau, har numfashinki ina ji. Buhun yana ina?

Badi'a: Yana bakin get. Wajen shara. Anjima kaɗan masu kura za su zo su kwashe.

Inna: Shara. Madalla. Ba ni shi.

Badi'a: Wa?

Inna: Mai gidan naku, mai ƙaton agogo. Kai masa wayar.

Badi'a: Inna, don Allah, wajen aikina ne fa. Ni na kawo ku…

Inna: Kai masa, ko in zo da kaina in same shi a gaban yara. Zaɓi.

Badi'a: To, ku riƙe. Ranka ya daɗe, salamu alaikum, Inna ce mai saƙa, wai tana son magana… E, ta ji.

Hedimasta: Salamu alaikum, Hajiya. Abdulbaƙi ne. Barkanku da war haka. Ya ƙoƙari?

Inna: Wa alaikumus salam. Ban je Makka ba, Malam, kar ka ɗora mini abin da ban yi ba. Ya iyali?

Hedimasta: Lafiya lau, Inna. Ya jiki?

Inna: Jiki ya ji labari. Kai ka ce a zuba aikin yara a shara?

Hedimasta: To, Inna, ba haka aka so ba. Amma ai ku kuka yanke hukuncin.

Inna: Ni?

Hedimasta: Da kunnena na ji. Ranar da na leƙo ajin, kun ɗaga na wata yarinya kun ce ko akuya aka ba basilla za ta fi haka. Kun ce wa wata nata kamar an taka kashin shanu. Kun ce duk wanda ya nuna waɗannan ya ce ku kuka koya, ba ku yafe ba. Ni kuma ga baƙi za su zo, ga manaja, ga masu kyamara. Na ce tunda mai sana'ar da kanta ta ce ba su nunuwa, kar mu kunyata ta.

Inna: La ilaha illallahu. Malam, a wane gari aka haife ka?

Hedimasta: A Nassarawa, nan cikin Kano.

Inna: Shi ya sa. To me kake so in ce musu? In ce sannu 'yan lele, kun iya? A gidanmu ba a yabon hannu! Ka yabi hannun yarinya yau, gobe ya saki, ta fara saƙa tana kallon ƙofa. Ko bakin mutane ya kama ta, basilla ta huda mata yatsa ya ruɓe. Kowace mai saƙa daga nan har Kumbotso ta san haka. Wadda na fi zagi ita na gani. Wadda ka ga na wuce ban ce mata uffan ba, ita ce ba ta da gyara.

Hedimasta: Wato na kashin shanun…

Inna: Safiyatu. Ƙaramar nan mai wushirya. Ka juya faifanta ka dubi cibiyar, ka ga ko tsinke zai shiga. Ni ina shekarunta ban… Kai dai ka duba.

Hedimasta: Inna, ni ban san wannan al'adar ba, na yarda. Amma yaran ma ba su san ta ba.

Inna: Sai su sani. Ba al'ada kuka ce a koya musu ba? Ga ta nan.

Hedimasta: Bari in gaya muku abin da ya faru. Ba ni na zuba su a buhu ba. Cewa na yi kowa ta ɗauki nata ta kai gida. Safiyatun nan ita ta fara tashi, ta jefa nata a buhu, ta ce ba za ta kai wa uwarta kashin shanu ba. Sauran suka bi ta. Uwar, tsintar riɗi take yi a wani sito nan bayanmu, ta bar aikinta ta zo ofishina tana tambaya ko 'yarta daƙiƙiya ce a gaya mata gaskiya.

Inna: Daƙiƙiya…

Hedimasta: Alo? Inna, kuna ji?

Inna: Ina ji. Uwar 'yar ina ce?

Hedimasta: Mutanen Damagaram ne, ina jin.

Inna: Damagaram, kuma ba ta gane ba? Tir. Riɗin kamfani ya cinye mata kai. Yara kamar ƙwai, ba dama a yi magana sai hawaye. Mu da aka ƙwanƙwasa mana basilla a ka… Mts. To na ji. Yanzu dai a sauke robar nan, a jera na yara.

Hedimasta: Ba zai yiwu a sauke gaba ɗaya ba. Kamfani ya kashe kuɗi, manaja zai zo ya ɗauki hoto da kayansa. Abin da zan iya, in sa ƙaramin tebur a gefe, wajen tankin ruwa, a sa na yaran.

Inna: Albarka.

Hedimasta: Na'am?

Inna: Na ce albarka. Wajen tanki, inda ake wanke hannu? Babban tebur, na gaba.

Hedimasta: To a raba teburin biyu. Rabi nasu, rabi na kamfani.

Inna: Albarka. Kaba ba ta zama kusa da roba, wari take ɗauka.

Hedimasta: Haba Inna, wane irin wari kuma? To in ƙara muku wani abu a kan ladan koyarwa, na wahalar…

Inna: Kul! Ladana na karɓa, mun rabu lafiya. Kar ka sake kawo mini wannan. Ka ji yadda za a yi. Manajanka ya tsaya a bakin get da kwalayensa, duk uwar da za ta fita ya miƙa mata ɗaya, a ɗauke shi hoto har kyamarar ta gaji. Su kai gida su ba kaji dusa a kai, daidai aikinsa ke nan. Amma a ɓanɓare sunayen yaran nan tukuna. Sunan 'yar mutane a jikin abin da ba ta taɓa ba, ba ka ji kunya ba, kai da kake koya musu kar su yi satar amsa?

Hedimasta: Wannan kam kun faɗi gaskiya. Rabon kyauta a get… manaja zai ma fi son haka. To. Amma in na ƙi fa?

Inna: In ka ƙi, zan zo jibi da malmalar tuwo daga wuta, in rufe da robarka a gaban manaja da masu kyamara, mu tsaya mu gani tare.

Hedimasta: Subhanallahi. A'a, ba sai an kai nan ba. Na ba ku babban tebur.

Inna: Yauwa. Ashe kana da…

Hedimasta: Amma da sharaɗi.

Inna: Ka ji shi. Faɗi.

Hedimasta: Yaran nan ba za su tsaya a bayan abin da suka jefar da hannunsu ba. Ko na tilasta su, kansu a ƙasa zai kasance. Sai kun karɓi lasifika, a gaban iyayensu, kun ce aikin ya yi kyau.

Inna: Wa? Ni?

Hedimasta: Ku. Ba ni ba, ba Malama Badi'a ba. Mun faɗa, ba su yarda ba. Sun ce mu ba mu san saƙa ba.

Inna: Nan kam sun yi hankali. Amma albarka. Uwata har ta koma ga Allah ba ta taɓa ce mini ya yi kyau ba. Ranar da na iya, ɗauka kawai ta yi ta rufe tuwon babanmu da shi, ta wuce. Ban mutu ba.

Hedimasta: Allah ya ji ƙanta. Su waɗannan ba gidanku suke ba, Inna, ba su ga wanda kuka rufe tuwo da shi ba. Bakinku kawai suka ji.

Inna: To zan ce ba laifi.

Hedimasta: Bai isa ba.

Inna: Ba laifi fa! Ladidi da na haifa, sai da ta yi aure ta ji ba laifi daga bakina.

Hedimasta: Ya yi kyau. Kalma uku ce.

Inna: Zan ce sun yi ƙoƙari.

Hedimasta: Wanda ya zo na ƙarshe a jarrabawa shi muke ce wa ya yi ƙoƙari. Sun san wannan.

Inna: Kai Malam, da kasuwa ka shiga da ka yi gida a Bompai. To in bakin mutane ya kama su fa? Kai za ka ɗauki alhakin?

Hedimasta: Ku haɗa da tubarkalla masha Allah. Ai an ba mu maganin wannan.

Inna: Yanzu kuma wa'azi za ka yi mini. To, zan faɗa, amma a cikin aji, ƙofa a rufe, ni da su.

Hedimasta: Uwar Safiyatu ba ta cikin aji.

Inna: To a fili, amma ban da lasifika. Abin nan mai ihu kamar an taka kare.

Hedimasta: Injin kamfanin da ke bayanmu ba ya hutun Asabar. In ba lasifika ko na kusa da ku ba zai ji ba.

Inna: Allah wadaran injin. Allah wadaran roba, da wanda ya ƙirƙiro ta, da…

Badi'a: Ranka ya daɗe, ku yi haƙuri, masu kura sun iso. Ga su can suna lodi.

Inna: Me ta ce? Me take cewa?

Hedimasta: Masu kwasar shara ne suka zo, Inna. Daga tagata ina hango su. Sun ɗora kwandunan shara, saura buhun.

Inna: To ka daka musu tsawa mana! Kana tsaye kana ba ni labari?

Hedimasta: Ina jiran cinikinmu ne. In ba za su tsaya a bayansa ba, jera shi ba shi da amfani.

Inna: Kai! Wannan mutum ba ka da tsoron Allah. Da tsohuwa kake wannan?

Hedimasta: Ga shi ɗaya ya kama bakin buhun.

Inna: Sau ɗaya! Sau ɗaya zan faɗa, ba maimaici, ko lasifikar ta mutu a tsakiya ba ruwana.

Hedimasta: Sau ɗaya, a lasifika, da sunan Safiyatu a ciki.

Inna: Har da suna? Ka ƙara kaya bayan an gama ciniki!

Hedimasta: Ya ɗaga, Inna.

Inna: Na sallama! Na sallama, Allah ya isa tsakanina da Bompai. Ba wa yarinyar nan wayar ta ruga!

Hedimasta: Allah ya saka da alheri. Malama, karɓi, yi sauri.

Badi'a: Inna, ina zuwa… Kai! Mai kura! Malam! Tsaya, sauke wannan! Buhun nan, e, shi. Ba shara ba ne. A'a, kar ka jefo shi, sauke a hankali!

Inna: Ce masa in ya jefar sai ya biya! Alo? Badi'a? Kar ya ɗora masa ƙafa! Wane irin ƙara ne wannan?

Badi'a: Na karɓa, Inna. Wash. Na karɓa. Ɗan ruwan shara ya taɓa gindin buhun, amma kaɗan ne.

Inna: Ruwan shara. Tir. Kwance ki fito da su yanzu, ki goge da busasshen tsumma, ban ce jiƙaƙƙe ba. Ki jera a inuwa ɗaya-ɗaya. Gobe ina nan tafe, ki gaya wa marasa daje baki su zo da basillarsu, kuma wallahi wadda ta yi mini kuka sai na… Ki dai ce su zo.

Badi'a: To, Inna.

Inna: Duba mini na yarinyar nan. Mai ja da shuɗi, da baƙin layi a kewaye.

Badi'a: Bari in gani… Yana can ƙasa, shi aka fara jefawa. Ga shi.

Inna: Ya jiƙe?

Badi'a: Gefe ɗaya, kaɗan.

Inna: Bakin ya kwance?

Badi'a: Ko kaɗan. Duk nauyin nan a kansa, ko lanƙwasa bai yi ba.

Inna: Ai ba zai yi ba. Hannun yarinyar nan, in gaya miki, tun da nake…

Badi'a: Na'am, Inna? Tun da kuke me?

Inna: Ba komai. Sau ɗaya muka yi ciniki, ba zan ɓarar da shi a waya ba. Kashe, katinki na ƙonewa.